Hasken terahaz da buhun wake: littafin aikinmu a Maraɗi

14 ga Oktoba, 2024

An fara roron wake a karkarar Tasawa da Gidan Runji, mu ma namu aikin ya tashi. Tambaya ɗaya muka sa a gaba: ko hasken terahaz zai iya tona ragowar maganin ƙwari a jikin wake da zogalen da ake ci a Maraɗi, ba sai an kai samfur babban labo an yi makonni ana jiran sakamako ba? A nan zan riƙa rubuta yadda ake ciki, ranar samu da ranar rashi, saboda ɗaliban da ke tafe bayanmu.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, terahaz haske ne da ido ba ya gani. Mazauninsa na tsakanin igiyoyin da telefon da rada ke aiki da su da kuma infirared mai ɗauke da zafi. Igiyar terahaz 1 tana kaɗawa sau tiriliyan guda a sakan, tsawonta kuwa milimita 0.3 ne kacal, kuma daga 0.1 zuwa 10 ake lissafa yankin. Yana ratsa leda da takarda da ƙyalle, ƙarfe na mayar da shi, ruwa kuma na shanye shi. Ba shi da irin illar hoton ƙashi na asibiti, don ƙarfinsa bai kai ya ɓalle komai a ƙwayar halitta ba.

Abin da ya ja masu bincike gare shi shi ne, idan sinadari ya daskare ya zama kiristal, ƙwayoyinsa kan jeru su riƙa girgiza tare, saurin girgizar kuma a cikin wannan yanki yake faɗowa. Kowane kiristal da inda yake shan hasken. In an zana abin da ya sha, sai a ga tsinaye a wurare sanannu, da su ake gane ko wane ne.

Na'urar ba ta Maraɗi. Tana wata jami'a a ƙasar Sin inda wani tsohon ɗalibinmu ke digirin dakta, malaminsa kuma ya yarda a riƙa ba mu ɗan lokaci a kanta. Mu za mu tara samfur, mu niƙa, mu tace, mu yi lissafi a kwamfuta. Shi ya haska ya turo lambobi. Sun riga mu da awa 7, abin da ya auna da la'asar ɗinsa da hantsi yake iske mu.

28 ga Oktoba, 2024

Yau Litinin, kasuwa na ci. Mun zauna rumfar wani Alhaji da ya daɗe yana sarin wake yana kaiwa Jibiya ta Ɗan Isa. Da na gaya masa abin da ke tafe da mu bai tanka ba. Sai ya kwance bakin wani buhu, ya cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo daga tsakiya. Ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya kai hanci, sannan ya miƙo mini.

"Shaƙa, Malam. Wannan lafiya lau yake. In an zuba piya-piya hanci na faɗa maka, in dai bai kwana biyu ba."

"To in ya kwana biyu fa, Alhaji?"

"Sai Allah. Ni dai ban zuba ba, amma ba na rantsuwa a kan wanda na saya hannunsa. Kafin wake ya iso rumfar nan ya bi hannu uku."

Piya-piya shi ne dikilobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, daga dangin organofosfat. A jikin ƙwaro da na mutum akwai wani sinadari, asetilkolinesteras, mai kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi. Maganin toshe shi yake yi, sai jijiya ta yi ta harbawa ba tsayawa: dalalar miyau, gumi, amai, tsukewar ƙwayar ido, sarƙewar numfashi. Masu zubawa ba don mugunta suke yi ba. Ƙwaron wake tun a gona yake nasa ƙwai, tsutsa ta huda ta shige, cikin kamar wata guda ta fito ƙwaro ta saka nata. Wanda ya ɓoye wake yana jiran tsadar bazara, in bai yi dabara ba, huji da gari zai tarar.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda wannan magani, waken Nijar kuwa da yawansa can Najeriya yake kwarara. Iyakar da Turawan suka sa miligiram 0.01 ce a kilo. A buhu mai kilo 100 ta zama miligiram 1 ke nan. Kwalbar da aka rubuta wa 1000 EC giram 1000 take ɗauke da shi a lita, wato mililita guda tal a buhu ya ninka iyakar sau 1000 ranar da aka zuba. Yana bin iska a hankali, shi ya sa wari ke gushewa. Amma hancin Alhaji ya daina ji tun ana nesa da miligiram 1 ɗin nan.

Bayan na kasuwa, mun ajiye wake daga gonar da muka san ba a taɓa fesa ta ba, cikin buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta yaɗa shi daga 2007, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi kuma na cikin waɗanda suka gwada shi. Iska ce ke ƙare wa ƙwaro, ba a zuba komai. Shi ne wakenmu mai tsabta, daga cikinsa za mu riƙa ɗiba mu sa magani da hannunmu gwargwadon da muka auna.

26 ga Nuwamba, 2024

Mun ari injin matse ƙwaya mai bakin milimita 13 a wurin abokan aiki masu kimiyyar sinadarai. Ana auna sinadari tsantsa, a gauraya da garin folietilen, wato garin leda, don terahaz na wucewa ta cikinsa ba tare da ya rage wani abin kirki ba, sannan a matse ya zama ɗan faifai fari. Ɗalibarmu ce ke wannan. Takan saki matsin sannu-sannu, ta turo faifan da bakin yatsa ta ɗaga shi ga taga. In ta ga ɗigon duhu a ciki, gaurayen bai yi ba, turmi za a koma.

Ga yadda na'urar ke aiki a taƙaice. Leza na harba walƙiya gajeruwa ƙwarai, wajen femtosakan 100. Femtosakan kashi ɗaya ne in an raba sakan gida miliyan sau biliyan. Walƙiyar ta faɗa kan wata ƴar eriya da aka shimfiɗa a kan galiyom arsenaid, wuta ta motsa farat ɗaya, bugun terahaz ya fito. Bayan ya ratsa samfur sai wata eriyar ta tarbe shi, ana jinkirta rabin hasken lezar da madubi mai tafiya a kan dogo domin a auna bugun ɗigo bayan ɗigo. A auna sau ɗaya babu samfur, sau ɗaya da samfur, lissafin Furiye ya warware su zuwa bakan haske. Tun shekarun 1980 David Auston a Bell Labs da Daniel Grischkowsky a IBM suka aza harsashin wannan hanya.

Faifan farko da muka aika ba magani ba ne, laktos ne, sukarin madara, don kowa a wannan fage ya san tsininsa na terahaz 0.53. Ya fito daidai wurin, ga na biyu wajen 1.37. Matsinmu da lissafinmu sun ci jarrabawa ke nan.

Sai dai zanen ya zo da wasu ƙayoyi sirara a 0.56 da 0.75 da 1.10 da 1.16 da 1.41 da 1.67. Ba na laktos ba ne, tururin ruwan da ke cikin iskar ɗakin ne. Dole a rufe akwatin na'urar a kore iska da naitirojin busasshe kafin a auna, ranar kuwa tulun gas ɗinsu ya kusa ƙarewa. Na ce wa ɗalibinmu ya turo mana na'urar nan. Da hunturu laimar iskar Maraɗi kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe na tsagewa, amma terahaz zai ji daɗinta.

16 ga Disamba, 2024

Garin wakenmu na farko ya yi tsaki-tsaki, zanensa sai hawa yake yi ta wajen manyan lambobi ba tare da wani tsini ba. Watsuwa ce: a terahaz 2 tsawon igiya maikiromita 150 ne, wato milimita 0.15, duk ƙwayar garin da ta kusa wannan girma tarwatsa hasken take yi. Yanzu da rariya mai ido maikiromita 75 muke tankaɗe. Injin niƙan unguwa ba ya cikin lissafi, ga sauran barkono da hatsin mutane, ga zafin da zai kore piya-piya kafin a auna shi. Hazo ya sauka sosai, mun liƙe tagogin labo da jiƙaƙƙen ƙyalle.

20 ga Janairu, 2025

Sakamakon sinadarai tsantsa ya iso. Magungunan gona imidakilofirid da asetamifirid da karbendazim kowanne ya nuna tsinayensa sarai, ko ɗalibin shekarar farko zai bambance su. Dukkansu daskararru ne a zafin ɗaki.

Dikilobos kuwa shiru. Ruwa ne mai maiƙo, ba ya zama kiristal, ƙwayoyinsa ba su jeru ba balle su girgiza tare. Zanensa gangara ce kawai mai santsi, wadda man gyaɗa ma zai iya bayarwa. Na koma na sake duba maƙalun da muka karanta kafin mu fara. Galibin magungunan da ake gwadawa a cikinsu irin waɗanda na'urar ke gani cikin sauƙi ne. Wanda ya fi damun mutanen Maraɗi yana daga cikin waɗanda ta fi makancewa a kansu.

Ko masu tsinin ma, da muka cakuɗa su da garin wake muna rage yawansu, sai tsinin ya yi ta dusashewa, kafin a sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100 ya nutse cikin shan da garin ke yi. Sitaci da furotin da ɗan laimar da ke cikin gari duk suna sha. Kashi 1 cikin 100 kuwa miligiram 10,000 ne a kilo. Tsakaninsa da iyakar 0.01 akwai ninki miliyan guda. Waken da faifai zai kama, mai shi ba ya bukatar na'ura, ido ma ya gani.

10 ga Fabrairu, 2025

Saboda wannan giɓi ne ake komawa ga metamateriyal, mu a labo faranti mai zobba muke ce masa. Ɗan gilashi ne da aka zana wa dubban zobban zinariya, kowane zobe da ƴar tsaga a gefe guda, ƙanƙantarsu sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Victor Veselago na Rasha ne ya fara hasashen irin waɗannan kaya a takarda a 1968. John Pendry na Ingila ya kawo dabarar tsagaggen zobe a 1999, a 2000 aka gina na farko a San Diyego da igiyar maikirowef, a 2004 aka sauko da shi yankin terahaz.

Duk mai gyaran rediyo zai gane shi. Zoben naɗin waya ne, tsagar kafasita ce, haɗuwarsu na da inda take amsawa. In terahaz ya zo daidai nan, sai zanen ya yi rami mai zurfi, ƙarfin wutar kuma ya taru cunkus a cikin tsagar. Duk abin da ya faɗa wurin yana ƙara wa kafasitar ɗauka, ramin ya matsa ƙasa. Matsawar muke aunawa, ba tsinin maganin ba. Tamkar fatar ganga ce: ka manna mata danƙo muryarta ta yi ƙasa, amma ba za ta gaya maka danƙo ne ko laka ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ke hana ni sakin jiki da farantin.

Mun zana namu da manhajar MEEP, kyauta ce daga jami'ar MIT ta Amurka. Zobe mai kusurwa huɗu, gefensa bai kai maikiromita 40 ba, tsaga 3, kaurin zinariya nanomita 200. Mun saita ramin ya faɗo wajen 0.85, tsakanin layukan tururin ruwa na 0.75 da 0.99, don ko iska ta ɗan yi laima kada ta taɓa shi. Kwamfutar na kwana tana lissafi, kuran kuwa ba ya kwana, sai da muka haɗa ta da sola da batir.

Kan abin da za a ɗora zobban mun daɗe muna ja-in-ja. Silikon ya fi sauƙin aiki, amma ma'aunin karya haskensa 3.4 ne, yakan janye ƙarfin wutar zuwa cikinsa ya bar kaɗan a sama inda samfur yake. Ga kuma amsa-kuwwa: a silikon mai kaurin rabin milimita bugun kan dawo bayan fikosakan 11 (fikosakan ɗaya femtosakan dubu ne), in kuwa ka yanke awo kafin ya dawo, idonka a kan bakan ya zama mai kaushi, wajen gigahaz 90. Mun zaɓi kwartiz mai milimita 2. Nasa ma'aunin 2.1 ne, kuwwar sai bayan fikosakan 28, kuma ana wanke shi da aseton a sake aiki da shi.

24 ga Fabrairu, 2025

Kafin azumi ya kama mun leƙa garaken Jiratawa ɗibar zogale. Wata tsutsa, Noorda blitealis, ita ce annobarsa: takan saƙa zare ta haɗe ganye ta cinye koren, ta bar jijiyoyi tsirara. Mun iske wani dattijo yana wanke famfon feshi a bakin hanyar ruwa.

"Sannu da aiki, Baba. Yaushe aka yi feshin nan?"

"Shekaranjiya."

"Yanka fa?"

"Jibi in Allah ya kai mu. Mata masu saye na zuwa."

Na nuna masa inda aka rubuta kwanakin jira a jikin kwalbar, da Turancin Ingilishi. Ya karɓa ya juya ta, ya mayar mini.

"Ɗana, tsutsa ba ta yi lakkwal ba. In na jira kwanakin da ka ce, itace zan kai kasuwa."

Lamda-sihalotirin ne a ciki, da murfin kwalba yake aunawa. Na duba ban ga lambar amincewar Kwamitin Sahel na magungunan ƙwari ba, wanda ke zama a Bamako tun 1994, a ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari. Kwalaben da muka gani yashe a bakin garake da dama haka suke.

Ɗanyen ganye ba ya haskuwa. Wajen kashi uku cikin huɗu na zogale ruwa ne, ruwa mai kaurin milimita 0.1 kuwa kashi ɗaya cikin goma kawai yake bari ya wuce a terahaz 1. Mafarkin a tsaya bakin tiren kwaɗo a haska a karanta lamba bai da wurin zama. Dole a tatso maganin daga ganyen. Muna bin hanyar QuEChERS da Anastassiades da Lehotay suka fitar a 2003: giram 10 na samfur, mililita 10 na asetonaitiril, giram 4 na magniziyom salfet, giram 1 na gishiri. Da ka zuba salfet ɗin ka girgiza sai ka ji kwalbar ta ɗau ɗumi a hannunka, tana zuƙe ruwa. Bayan injin juyi, wani ruwa kore shar ya taso sama, a bi shi da garin gawayi na musamman ya ɗauke koren. Wake busasshe ne, shi sai an jiƙa shi tukuna. Kafin mu kai ga ɗigon da za a sa wa faranti mun riga mun yi rabin aikin da babban labo ke yi.

17 ga Maris, 2025

Azumi ya yi nisa, da asuba muke aiki mu tashi kafin azahar. Farantai sun fito daga wurin ƙira, ramin ya faɗo kusa da inda lissafi ya ce.

Da imidakilofirid tsantsa cikin ruwan narkarwa mai tsabta abin gwanin sha'awa ne. A ɗiga, a bari ya bushe, a auna: ƙara magani, ƙara matsawa, kuma yana jin ɗan abin da faifai ba zai taɓa ji ba. Sai muka ɗiga tataccen waken da muka sa wa magani. Rami ya matsa. Muka ɗiga tataccen waken PICS da ba a sa masa komai ba. Rami ya matsa, kusan daidai da wancan.

Lissafi ya bayyana dalili. Giram 10 na wake da ke daidai kan iyaka nanogiram 100 na magani ke cikinsa. In ka ƙafar da tatacce ya koma mililita 0.1, ɗigo guda na ɗauke da nanogiram 10. Baza shi a fili mai faɗin milimita 3, kaurinsa wajen nanomita 1 ne, alhali ƙarfin wutar zoben na kaiwa maikiromita da dama sama, ninki dubbai ke nan. Shi kuma wake yana da mai kashi 1 zuwa 2 cikin 100, miligiram 100 zuwa 200 a wannan giram 10 ɗin. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na man ne ya biyo tatacce, ya ninka maganin sau 10,000. Man wake farantin ke aunawa.

Wata matsalar kuma, ɗigo in yana bushewa yakan tura abin da ke cikinsa zuwa gefe ya bar da'ira, tsakiya inda haske ke bi ta zama kusan wayam. Ɗigo biyu daga kwalba ɗaya sai su ba da matsawa daban. Dikilobos shi ko zama bai yi ba: ya bi ruwan narkarwa ya tashi, rami ya koma mazauninsa.

Ba na cewa ƙananan lambobin da ake bugawa a maƙalu ƙarya ne. Amma duk wanda ya karanta ɗaya, ya fara duba cikin me aka narkar da maganin. In ruwa ne mai tsabta, to ba a zo kan abinci ba tukuna.

14 ga Afrilu, 2025

Zafi ya kai inda ya kai, awon cikin labo ya haura 43 da rana tsaka, kuran ya ɗauke tun safe. Faya-fayan maganin kilorfirifos da ke cikin kabad sun yi tabo-tabo mai sheƙi. Wajen digiri 42 yake narkewa. Da suka sake daskarewa aka auna, tsinayen sun yi faɗi sun dusashe. Farmetirin, wanda ake barbaɗa garinsa a hatsi, tun wajen 35 yake sakin jiki, lamda-sihalotirin a 49. Imidakilofirid sai 144, shi ko a jikinsa.

Wannan ya wuce batun ajiya. A rumfar kwano da bazara wasu magungunan ba kiristal ba ne sam. Ɗan abin da ya saura a ganye ma galibi narke yake cikin kakin bayan ganyen. Tsinayen da aka tara a ɗaki mai sanyi a wata ƙasa ba lallai su yi aiki a kasuwar Maraɗi ba. Sauran faya-fayan sun koma firigo.

12 ga Mayu, 2025

Mun yi zaman duba alƙibla, ɗalibinmu na Sin na kan telefon. Na ce a cire piya-piya daga aikin terahaz. Ɗalibarmu ba ta yarda ba.

"Malam, ai saboda shi muka fara. In mun cire shi, mun bar jaki muna dukan taiki."

Gaskiyarta, ba kuma barinsa za a yi ba. Akwai hanyar da ta girme mu duka: a sa tatacce a kan asetilkolinesteras ɗin kansa a ga ko zai toshe shi. Tun 1961 George Ellman ya fitar da awon, ruwa ne ke rikiɗa ya koma rawaya in sinadarin na aiki, in an toshe shi launin ya ƙi fitowa. Dikilobos na toshe shi kai tsaye. Awon ba ya kama lamda-sihalotirin da danginsa, ba ya kuma faɗin sunan magani, sinadarin na son sanyi, amma kuɗinsa ba ya kusa da na leza. Ita za ta riƙe wannan ɓangare.

Terahaz ya rage masa abu biyu. Ɗaya mai nisa ne: a shafe zobban da aftama, wani gajeren zaren DNA da aka zaɓo don ya riƙe sinadari guda, a wanke mai da sauran tarkace, abin da ya maƙale kaɗai ya matsar da rami. Na asetamifirid sananne ne, da shi za a fara. Nanomita 1 ɗin nan dai na nan, sai an rataya wa kowace ƙwaya wani abu mai nauyi kamar ƙurar zinariya kafin zobe ya ji ta. Ban sa rai da yawa ba a bana.

Ɗayan a kusa yake, ban ma yi tunaninsa da farko ba, wani mai sayar da kayan noma ne ya kawo shi da ya ce manoma na kukan maganin iri ba ya ci. Garin wankin iri da ake sayarwa a ƙananan ledoji gabanin shuka, maganin da ke cikinsa kaso ne mai yawa cikin ɗari, daskararre kuma. Nan faifai na da ƙarfi. Tambayar ta koma: abin da aka rubuta a leda shi ne a ciki?

16 ga Yuni, 2025

Ruwa ya sauka, an fara shuka ta wajen Madarunfa. Laima ta dawo, garin folietilen sai mun gasa shi kafin matsi, faya-fayan kuma cikin kwalba mai maganin laima muke rufe su.

Ledojin wankin iri da muka saya a wurare daban-daban wani abokin aiki ne ya juye su a kwalabe ya sa musu lambobi, ya riƙe takardar a wurinsa, don kada mu ga abin da muke son gani. Mai aunawa ma lamba kawai ya sani. Da aka buɗe takardar, galibi tsinayen sun yi daidai da rubutun leda. Biyu masu suna ɗaya da zane ɗaya ne suka saɓa: ɗaya ta nuna imidakilofirid sarai, ɗayar gangara ce kawai, ba tsini ko guda. Ko gari ne da jan launi, ko maganin ya yi ƙaranci, ko an haɗa shi ta yadda bai zama kiristal ba. Terahaz ba zai raba wannan gardama ba, kuma ba za mu ambaci sunan kowa ba sai an tabbatar.

Tabbatarwar sai da kuromatogirafi, na'urar ware sinadarai, mai awon nauyin ƙwaya, a labon da ke da shi, kowane samfur kuma da kuɗinsa. Mun raba kowace leda uku: kashi ɗaya ya tafi can, ɗaya na Sin, ɗaya na firigo a nan a rufe da sa hannun mutum biyu. Kuɗin da ke hannu zai ɗauki ledoji biyun nan da wasu kaɗan daga waken kasuwa da awon rawaya ya nuna shakku a kansu. Farantai masu aftama an ce sai watan Agusta. Zogalen damina za a fara ɗiba mako mai zuwa, daga garaken da muka ɗiba da rani, a rubuta ranar feshi da ranar yanka na kowanne.